Wai "OK" ɗin nan daga ina ta fito? Jiya ta haɗa ni faɗa da kawuna

Abban_Hanifa: Slm jama'ar gida, da fatan an tashi lfy. Wani abu ne ya faru da ni jiya nake so ku taya ni dubawa. Kawuna ƙanin Hajiyarmu ya turo min dogon saƙo a WhatsApp kan bikin 'yarsa, ranar kamu, ranar ɗaurin aure, da abin da kowa zai kawo, ni kuma ina kan mashin sai na ɗan tsaya gefen titi na rubuta masa "Ok" da niyyar in na isa gida in kira shi. Wlh ban kai gida ba sai ga kiran Hajiya, wai me na yi wa Kawu yake ta faɗa, ya rubuto min magana ta manya ni kuma na amsa masa da harafi biyu kamar wani sa'ana. Na dai ba ta haƙuri. Amma abin ya tsaya min a rai, wai ita OK ɗin nan mece ce ainihin ma'anarta, O ɗin da K ɗin taƙaicen me ne? Wani abokina ya ce daga fagen yaƙi aka samo ta, wai in sojoji sun dawo ba a kashe musu kowa ba sai su rubuta sifili da K a allo. Gaskiya ne?

Sojan_Baka: Wslm. Abokinka ya faɗi gsky, ni ma haka na sani tun muna sakandare. "Zero killed". A yaƙin basasar Amurka ma aka ce.

Malam_Ticha: Wslm Abban Hanifa. Sojan Baka ka yi haƙuri amma wannan labarin ba shi da tushe, daɗin ji kawai gare shi. Lissafi ma kaɗai ya isa ya rushe shi, yaƙin basasar Amurka a 1861 aka fara shi, ita kuwa OK an riga an buga ta a jarida tun 1839, shekara 22 ke nan kafin a harba harsashi ko ɗaya. Ranar 23 ga Maris 1839 ta fito a wata jarida mai suna Boston Morning Post, a cikin wani rubutu na barkwanci, aka rubuta o.k. da ƙananan haruffa sannan aka bi ta da "all correct", wato komai daidai. Za ka ce to ai "all correct" da A da C ya kamata a taƙaice shi, ina O da K suka fito? To nan ne wasan yake. A lokacin 'yan bokon Boston suna wani yayi, sai su ɗauki magana su ɓata rubutunta da gangan kamar wanda bai je makaranta ba, sannan su taƙaice ɓataccen. "All correct" suka mayar da shi "oll korrect", shi ne ya ba da O.K. Ba ita kaɗai ba ce, akwai O.W. daga "oll wright", akwai K.Y. daga "know yuse" wato ba amfani. Duk sauran sun mutu an binne, ita kaɗai ta yi tsawon rai.

YarZariya: Kai jama'a, ashe shirme ne asalin abin 😂 to ai kamar mu ke nan da ykk da lfy da ngd da wslm. Ku ce nan da shekara ɗari biyu wani farfesa zai zauna yana binciken asalin "ykk"

Sojan_Baka: Malam Ticha ban musa maka ba amma ni fa har yanzu na zero killed ɗin ya fi shiga kaina. Ya za a yi wasan 'yan jarida na gari ɗaya ya game duniya? Ai ko a Kano sara nawa ake yi kullum, wata uku an manta.

Malam_Ticha: Tambayarka mai kyau ce, kuma amsarta siyasa. Shekara ɗaya bayan nan, a 1840, aka yi zaɓen shugaban ƙasa a Amurka. Shugaba mai ci Martin Van Buren ɗan wani gari ne da ake kira Kinderhook a jihar New York, sai aka yi masa laƙabi da "Old Kinderhook", magoya bayansa suka ga ai ga O ga K sun zo daidai da sarar da ake yayi, suka kafa ƙungiya a New York suka sa mata suna O.K. Club. Ka san 'yan siyasa da kama abin da ke tashe. 'Yan adawa su ma ba su zauna ba, suka baza labarin wai tsohon shugaba Andrew Jackson, ubangidan Van Buren ke nan, bai iya rubutu ba shi ya sa yake sa O.K. a takardu yana zaton haka ake taƙaice "all correct". Sharrin siyasa ne kawai, amma tsakanin masu yabo da masu zagi sai da kalmar ta shiga kowace jarida a ƙasar. Van Buren ɗin ma ya sha ƙasa a zaɓen, William Henry Harrison ya kayar da shi, shi kuma wata ɗaya kacal ya yi a kan kujera ya mutu. Daga baya da wayar tangaraho ta bazu sai ma'aikatanta suka riƙe OK don nuna saƙo ya iso, tunda harafi biyu ne ba ɓata lokaci. Wanda ya tono duk wannan wani farfesa ne na Jami'ar Columbia, Allen Walker Read, ya bi tsofaffin jaridu ɗaya bayan ɗaya ya fitar da bincikensa a 1963 da 1964.

Dan_Fagge01: Wato Van Buren ya faɗi zaɓe amma takensa ya ci. Ina ma 'yan siyasarmu za su bar mana ko da kalma ɗaya ce mai amfani

Alhaji_Dakar: Assalamu alaikum. Ni ban yarda Turawa ne suka ƙirƙiro ta ba. Na yi shekara shida ina harkar fata a Senegal, Wolof ɗinsu in za su amsa maka da ƙarfi "waaw kay" suke cewa, wato e mana, ƙwarai kuwa. Ka faɗe ta da sauri ka ji me ta zama. Kuma kowa ya san daga wannan yankin aka kwashi bayi masu yawa aka kai Amurka. Me zai hana a ce daga bakin bayin nan Turawa suka tsince ta, daga baya suka ce tasu ce kamar yadda suka saba?

Malam_Ticha: Alhaji ranka ya daɗe ba kai kaɗai ka yi wannan tunanin ba, akwai wani masanin harsuna ɗan Ingila David Dalby da ya kawo wannan ra'ayin na Wolof da Mandinka wajen ƙarshen shekarun 1960. Kuma ba abin raina wa ba ne, don harsunan Afirka sun bar sawu a Turancin Amurka. Matsalar ita ce hujja a rubuce. Na Boston ana iya ɗauko jaridar a nuna maka ranar da shafin, ga kuma 'yan uwanta irin su O.W. da aka yi yayinsu tare, sannan a bi ta shekara bayan shekara har ta bazu. Na Wolof ɗin kuwa kamannin sauti ne ya fi yawa a ciki.

Alhaji_Dakar: To Malam bayi da aka hana su karatu da rubutu ina za su bar maka hujja a rubuce? Wanda ke da alƙalami ai shi ke rubuta tarihi.

Hauwa_Lagos: Gsky Alhaji ya kawo magana a nan 👌

Malam_Ticha: Ya kawo, ban ƙi ba. Mai yiwuwa ma da ta fito daga jarida ta tarar da masu irin wannan sautin a bakinsu sai karɓarta ta zo da sauƙi. Amma ku sani fa masu cewa tasu ce suna da yawa. 'Yan asalin Amurka ƙabilar Choctaw suna da "okeh" mai nufin haka ne, har shugaba Woodrow Wilson ya yarda da wannan, shi "okeh" yake rubutawa a takardu in ya amince da abu. Girkawa sun ce daga "ola kala" ɗinsu ne, komai lafiya. Mutanen Sikotilan sun ce "och aye". Akwai ma masu cewa daga sunan tashar jirgin ruwa ta Aux Cayes ne a Haiti. Ɗa in ya yi arziki ai kowa sai ya ce shi ya haife shi.

Dan_Fagge01: Tunda haka ne mu ma mu shigar da tamu. Daga Hausa ne, wani Bakano ya ce wa matarsa "to, ke!" Bature na gefe ya rubuta 😂

YarZariya: Dan Fagge Allah ya shirye ka

Bincike_Dole: Ku bar dariya, abin da Dan Fagge ya yi da wasa shi mutane ke yi da gaske. Ku duba kalmar boko. Shekara da shekaru ana koya mana wai daga "book" na Turanci ta fito saboda sun yi kama a kunne, har a littattafai an rubuta. Sai Farfesa Paul Newman, wanda ya yi rayuwarsa yana nazarin Hausa, ya yi rubutu a 2013 ya nuna boko kalmar Hausa ce tun asali mai nufin abin da ba na gaske ba, algus ko yaudara. Ga amaryar boko nan da ake yi a biki, ga biri boko. Kakanninmu ne suka kalli karatun Nasara suka ce wannan na boko ne. To ka ga kama da wane ba ta wane. Irin wannan ne ya sa nake bayan Malam Ticha kan maganar waaw kay.

Sojan_Baka: Yau kuma har boko an ƙwace mana daga book? Wannan zauren ba ya barin mutum da abin da ya sani wlh

Maman_Sadiq: Ni fa duk kun bar ainihin zancen kun tafi Boston. Abban Hanifa ƙanina, ko daga sama OK ta faɗo kai ne ba ka kyauta ba. Ba Turancin ne ya ɓata wa Kawu rai ba, gajartar ce. Ko da "to" ka rubuta masa ita kaɗai haka zai ji. Babba ya zauna ya tsara maka magana, ƙila da kyar ma yake danna wayar yana gyara tabarau, ai sai ka ce to Kawu na gani, Allah ya sanya alheri, Allah ya kai mu lokacin, zan kira in na sauka. Layi biyu ne fa. In kana gabansa ya gama magana za ka ce masa oke ka tashi ka tafi?

Abban_Hanifa: Anti Maman Sadiq na karɓi laifina, wlh ko kusa ba raini ba ne, hannu ɗaya na kan mashin. Amma ni abin da ya ɗaure min kai, ogana a wurin aiki kullum Ok yake turo min kuma ban taɓa jin komai ba

Maman_Sadiq: Ai shi oga ne. Daga sama zuwa ƙasa tana tafiya lafiya lau, daga ƙasa zuwa sama ne take zama rashin kunya. Kawu zai iya turo maka Ok, kai ne ba za ka tura masa ba.

Ummu_Khairat: Ku gode wa Allah ma Ok ya rubuta. Ni maigidana "K" yake turo min. K fa, ita kaɗai. Zan zauna in rubuto masa shinkafa ta ƙare, kuɗin makarantar yara, mai wanki ya zo bai same ka ba, Mama ta kira tana nemanka, sai in ga K. Ranar da na gaji na tura masa L M N O P na ce ya ƙarasa tunda karatun baƙaƙe muke 😭

Hauwa_Lagos: 😂😂 Ummu Khairat kin kashe ni. Amma da gaske kowace da ma'anarta a chat. Okay cikakkiya lafiya lau ce. Ok ba yabo ba fallasa. Ok da ɗigo a ƙarshe, to an shaƙa. Okayyy mai jan y ko dai murna ko gulma ake so ki ci gaba da bayarwa. kk na 'yan sauri ne ba faɗa a ciki. K kuwa in mace ce ta turo wa namiji ya fara neman inda ya yi laifi.

Dan_Fagge01: Mu maza wlh ba mu san duk wannan ba, duk wacce yatsa ya fara taɓawa ita muke turawa

YarZariya: Hauwa ai namu na Hausa ma haka yake. To daban, toh daban, tom daban, tam daban. In na ce "tom shi ke nan" ba shi ke nan ɗin ba ne, akwai sauran magana. Kuma ku lura "to" ta fi OK aiki nesa ba kusa ba, da ita ake amsa kira, da ita ake buɗe zance, da ita ake rufe shi, "to fa" mamaki, "tooo" an gano ka, "to sai me" neman faɗa. Ni ban ga abin da OK ta zo ta ƙara mana ba banda gayu.

Dalibi_a_Ingila: Bari in ba ku nawa. Satina na farko a nan na shiga wani kanti ina duba riguna, sai wata ma'aikaciya ta matso ta ce min "are you OK there?" Wlh raina ya ɓaci, na ce a zuciyata me na yi wa matar nan take tambayata ko ƙalau nake. Don mu a gida in aka ce maka are you okay ai zagi ne, daidai yake da kana da hankali kuwa, musamman in an haɗa da nuna kai da yatsa. Na haɗe rai na fice. Sai da na ba wani ɗan uwa da ya daɗe a nan labari ya yi ta dariya, ya ce ai nufinta in taimaka maka da wani abu? Haka suke yi wa kowa. Wani abin kuma, in Bature ya ci abincinka ka tambaye shi ya ya ji ya ce "it was OK" to kar ka yi murna, nufinsa dai an ci ba a mutu ba. Malamin da ke duba aikina ya taɓa rubuta min haka a babi guda, ina ta jin daɗi ashe cewa yake in sake zama a kai.

Hauwa_Lagos: A Legas kuma in ana zuba maka abinci ka ce "it's okay" ya isa haka ke nan. In an yi maka tayi ka ce "I'm okay" na ƙoshi. In ana faɗa wani ya shiga tsakani yana "it's okay, it's okay" a yi haƙuri a bari. Sai kuma "okay o" wanda ke nufin na ji amma ban yarda ba, za ka gani ai.

Malam_Ticha: Dalibi ka taɓo wani abu mai muhimmanci. Kalmar da aka haifa da ma'anar komai daidai, yau ta koma ma'anar daidai gwargwado. Kuma a Turanci tana shiga ko'ina, siffa ce, suna ce in an ce oga ya ba da OK ɗinsa, aikatau ce in an ce ya yi okaying ɗin takarda wato ya sa hannu. Su ma can suna rashin kunya da ita, a 2019 aka yi yayin "OK boomer" da matasa ke faɗa wa dattawa, kamar ka ce mun ji tsoho, je ka huta. Har wata 'yar majalisa mai shekara 25 a New Zealand, Chlöe Swarbrick, ta jefa wa wani ɗan majalisa ita a zauren majalisa da ya katse ta tana jawabi. To ka ga Kawu bai yi kuskure ba da ya ji ƙanshin raini, harafi biyun nan suna iya ɗaukarsa.

Hajiya_Mai_Dila: Salamu alaikum 'ya'yana, ni duk wannan Turancin ban san shi ba, amma mu a kasuwa OK kaya ne. Gwanjo. Mutanen kudu okirika suke ce masa, da sunan garin Okrika na jihar Ribas, to 'yan gayu da ba sa so a gane gwanjo suka saya sai su taƙaice su ce OK. Yarinya za ta zo ta ce Hajiya akwai OK mai kyau, na farkon dila nake so. Ranar da aka fasa dila a Ƙofar Wambai ku zo ku ga masu manyan motoci suna tsugune suna zaɓe.

YarZariya: Hajiya kin tona mana asiri 🙈

Injiniya_Waya: Mu kuma a gyaran waya in mun ce "oke ce" to an gwada komai na aiki, caji, sifika, kyamara, network. Kwastoma zai ce tsakaninka da Allah oke ce? ka ce oke ce. Kusan ma'anarta ta asali ke nan da Malam ya faɗa, komai daidai. Kuma tsofaffin da ba su san A ba sun san OK, saboda rimot ɗin dish da ƙaramar Nokia. Kakata in tasha ta ɗauke sai ta ce kai zo ka danna min oke. Akwai ma labarin da tsofaffin ma'aikatan Apple suka bayar, lokacin da suke haɗa kwamfutarsu Lisa wadda ta fito a 1983, maɓallin amincewa "Do It" aka rubuta a kai, da aka ba mutane gwaji sai wani ya ƙi dannawa yana fushi, ashe "dolt" yake karantawa wato dolo, ya ce don me na'ura za ta zage shi. Shi ne suka mayar da shi OK.

Ba_Maradi: Gaisuwa daga Maraɗi. Mu nan da dakor muka tashi da ita ta Faransanci, iyayenmu da suka yi lakwal, wato makarantar boko, har yanzu ita suke faɗi. Amma yaran yanzu duk oke ne, su kansu Faransawan oke suke cewa. Ni dai a gaban tsoho ba dakor ba oke, "to Baba" ita ce mai lafiya.

Zango_Kumasi: Nan Kumasi Asantawa "yoo" suke cewa, mu 'yan zango muna haɗawa duka, yoo, to, oke, wanda ya zo baki. Ɗan uwana da ke Sudan shi kuma tamam ya koyo, ko me ka ce masa tamam

Kaftin_Jirgi: Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, amma tunda ana maganar OK na iya ɗaukar ma'ana biyu bari in faɗi inda abin ya wuce ɓacin ran kawu. A aikin jirgin sama ana koya wa mutum ya guje ta in yana magana da hasumiya, akwai kalmomin da aka tsayar kowace da ma'ana ɗaya tak, "roger" na ji saƙonka, "wilco" na ji kuma zan aikata, "affirm" e. Babban darasin da ake kawowa shi ne hatsarin Tenerife, tsibirin ƙasar Sifen, ranar 27 ga Maris 1977. Manyan jirage biyu ƙirar Boeing 747, na KLM da na Pan Am, suna kan titin tashi ɗaya ga hazo ya rufe ko'ina ba mai ganin wani. Matuƙan KLM suka yi magana da ke nuna suna tashi, mai kula da hasumiya ya ce "OK" sannan ya ci gaba da cewa su dakata zai kira su, to daidai lokacin na Pan Am su ma suka danna rediyo suna cewa har yanzu suna kan titin, maganganun biyu suka haɗu suka zama ƙara. Abin da ya fita sarai a kunnen 'yan KLM shi ne OK ɗin. Jirgin ya taho da gudu ya afka wa ɗayan, mutum 583 suka mutu, har yau ba a yi hatsarin jirgin sama da ya ci rai kamarsa ba. Ba ita kaɗai ce sanadi ba, akwai hazo, akwai gaggawar kyaftin ɗin da ya fara tafiya ba a ba shi izini ba, amma bayan nan an ƙara tsaurara ƙa'idar kalmomin da ake faɗa a rediyo.

Maman_Sadiq: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Jikina ya yi sanyi wlh

Alhaji_Dakar: Allah ya kiyashe mu. Kaftin mun gode. Ni dai ina nan kan bakana game da waaw kay, amma na ƙaru.

Bincike_Dole: Don a ɗan saki rai, kalmar nan har duniyar wata ta je. Da kumbon Apollo 11 ya sauka a can a watan Yuli 1969, cikin kalmomin farko da ɗan sama jannati Buzz Aldrin ya furta akwai okay, yana sanar da an kashe inji. Kuma masu buga Scrabble, wasan jera haruffa su ba da kalma, sai a 2018 ƙamus ɗin wasan na Amurka ya yarda a jera O da K a matsayin kalma. Ɗan Najeriya Wellington Jighere da ya ci kofin duniya na wasan a 2015 ya ci ne tun ba a halatta ta ba.

Sojan_Baka: Su je wata da ita su dawo, ni har yanzu ban ga wanda ya nuna min jaridar 1839 ɗin da idona ba. Malam Ticha turo hoto

Malam_Ticha: Kai ma turo hoton allon da sojojin suka rubuta sifili da K, sai mu yi musaya.

Dan_Fagge01: 😂😂 an tashi kunnen doki

Ummu_Khairat: Ni tambayata ga Malam, wanne ne daidai a rubutu, OK ko okay ko O.K.? Yarona malaminsu ya ja masa jan biro a kan ok

Malam_Ticha: Maman Khairat duka ukun suna cikin ƙamus. O.K. mai ɗigo ita ce tsohuwar, okay daga baya aka rubuta ta yadda ake furtawa don ta yi kama da sauran kalmomi, shi ya sa wasu ke zaton ita ce ta asali aka taƙaice ta, alhali akasin haka ne. Ƙananan haruffa ok na chat ne. Amma a rubutun jarrabawa gara ma ya bar ta gaba ɗaya ya nemi wata kalmar, malamai da yawa ba sa sonta a insha'i.

Abban_Hanifa: Jama'a ngd sosai, na sha karatu yau. Anti Maman Sadiq na bi shawararki, bayan la'asar na yi wa Kawu voice na kusan minti uku, na gaishe shi, na ba shi haƙuri, na yi addu'ar biki, na ce buhun shinkafa ɗaya da lemo suna wuyana. Ya saurara don na ga alamar ta yi shuɗi. Yanzun nan ya turo amsa. "To." Ita kaɗai, har da ɗigo. YarZariya ke da kika san kalolin to, wannan wacce ce?

YarZariya: Da ɗigo?? Yaya ka sayi goro ka tafi gidan da kanka

Maman_Sadiq: A'a kar ku tsorata shi, dattijo ne, su komai suka rubuta sai sun sa ɗigo. Ya huce. Amma dai ka je ɗin.

Hajiya_Mai_Dila: In za ka je ka biyo ta shago, an fasa sabuwar dila jiya akwai rigunan sanyi na manya daidai Kawu